Layi Biyun Da Na Bari A Fayil Ɗin Gado Na Bakwai

Jama'a, ni ba ma'abocin labarin aljanu ba ne, kuma duk wanda ya yi aiki da ni zai shaida cewa ba na ƙari a magana. Abin da zan gaya muku ni ya faru da ni, da rana tsaka, idona biyu, wallahi tallahi ban ƙara ko harafi ba. Zan bi shi daki-daki yadda ya zo.

A tsakiyar shekarun 1980 ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a Kakuri, can ƙetaren gada a Kaduna, inda yawancin masu zuwa ma'aikatan masaƙa ne da makanikai da iyalansu. Ni ke riƙe da ɗakin maza, gado goma sha biyu. Shugabarmu Sista Laraba ce, 'yar kudancin Kaduna, doguwa mai tabarau, wadda muke cewa ba ta dariya sai ranar Kirsimeti. Ita ta koya mini rubutun fayil, dokokinta kuwa huɗu ne. Na ɗaya, sa kwanan wata da lokaci. Na biyu, kar ka rubuta abin da ba ka riga ka yi ba. Na uku, in ka yi kuskure kar ka goge, kar ka yage, ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karantawa, ka sa hannu. Na huɗu, kar ka bar layi babu komai tsakanin rubutu da rubutu, in wuri ya ragu ka ja biro a kai ka rufe shi. Takan ce, "Layin da ka bari a buɗe, wani zai cike maka." Ni duk zatona abokan aiki marasa gaskiya take nufi.

Shekara shida ina bin dokokin nan, ban taɓa karya ko ɗaya ba, sai wata Talata cikin damina.

Wajen ƙarfe biyu aka kawo wani bakanike Inyamuri mai suna Emeka, ƙato ne sosai, ƙarfe ya yanke shi a hannu ya ƙi zuwa asibiti har ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya hau kansa yana ta sambatu, bai san inda yake ba. Maƙwabcinsa na gareji ne ya kawo shi, ya ce an aika Sabon Tasha a kira matarsa, ya juya ya tafi. Muka kwantar da shi a gado na bakwai. Likita ya duba, ya rubuta allurar fenisilin, ya wuce ɗakin mata.

To, a ƙa'ida, kafin a yi wa mutum wannan allura sai an tambaya ko jikinsa yana karɓarta, domin akwai waɗanda take kashewa nan take. Emeka ba ya iya amsawa, matarsa ba ta iso ba. A nan na yi laifi, kuma ba zan ɓoye ba. Na rubuta zafin jikinsa da bugun jininsa, sai na tsallake layi biyu, na ce in matar ta zo sai in cike da abin da ta faɗa, sannan na rubuta umarnin likita a ƙasa. Har gwajin da ake yi a fata ma na yi niyyar tsallakewa, don aiki ya yi mini yawa, na ce a raina wannan ƙaton me allura za ta yi masa. Na sa fayil a durowar tebur, na kulle, na jefa makulli a aljihu tare da birona, na tafi sito karɓo magani.

Ban fi minti goma ba na dawo. Na haɗa allura, na zuƙa a sirinji, na ajiye a faranti. Agogon bango ya nuna biyu da rabi daidai. Na buɗe durowa da makullina don in sake duba adadin da likita ya rubuta, kamar yadda na saba, ina buɗe fayil ɗin kuwa sai idona ya faɗa kan wurin da na tsallake.

Layi biyun nan an cike su.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Rubutuna ne, jama'a. Ba mai kama da nawa ba, nawa ne. Birona yana da wata cuta, yakan zubar da ɗigon tawada a farkon kowane layi, ga ɗigon nan guda biyu. Ga sa hannuna a ƙarshe, har da 'yar lanƙwasar da nake yi. Da Turanci muke rubutu, amma ga ma'anar abin da ke wurin: "Uku saura ashirin, an yi allura, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, an kira likita. Uku saura biyar, ya cika."

Na ɗaga kai na dubi agogo. Biyu da rabi da minti ɗaya. Na dubi gado na bakwai, ga Emeka yana numfashi yana sambatunsa. Na dubi sirinji a faranti. Na laluba aljihu, ga biro nan inda na sa shi.

Kusa da teburina akwai wani dattijo a gado na ɗaya, Baba Audu, tsohon maigadi ne da ya karye a ƙafa, komai na ɗakin a idonsa yake. Na ce, "Baba, wa ya taɓa teburin nan da na fita?"

Ya ce, "Wa fa, in ba kai ba? Ka shigo ka buɗe da makullinka ka zauna ka yi rubutu. Na ce maka sannu Malam, ko kallona ba ka yi ba. Na ce yau kuma abin ya motsa."

Na ce, "Baba, ni ina sito."

Ya ce, "To ɗan'uwanka ne ke nan, mai irin tabon goshinka. Rigarsa sharkaf da gumi, har yana share ido da bayan hannu. Kai, ashe kana kuka, Malam?"

Na ɗauki fayil na nufi ofishin Sista Laraba, ban ko yi sallama ba na ajiye mata a gaba. Ta gyara tabarau ta karanta, ta miƙe zumbur ta ce, "Ya mutu ba ka kira ni ba?" Na ce yana nan da ransa, ban yi allurar ba. Ta dubi agogon hannunta, ta sake duban takardar, ta ce, "Ka rubuta abin da ba ka yi ba? Kai? Ka san wannan kora ce?" Na rantse mata da Allah ba ni na rubuta ba. Ta kalle ni ta ce, "Ina allurar?" Na ce tana faranti. Ta ce, "Kar wanda ya taɓa ta."

Muka je muka tsaya a kan Emeka, ita a dama ni a hagu, kamar masu gadi. Ruwa ya goce a waje. Da agogo ya kai uku saura ashirin, wallahi sai mutumin nan ya daina sambatu, ya yi tsit, ya buɗe idanu ya kafa mini su. Sista ta kama wuyan hannunsa tana ƙirga bugun jini, leɓenta na motsi, na san addu'a take. Ni ma duk abin da ya zo bakina karantawa nake. Minti goma sha biyar ɗin nan, ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Uku saura biyar ta yi, ta wuce. Emeka ya ja dogon numfashi, ya lumshe ido, ya yi barci.

Uku da 'yan mintoci sai ga matarsa ta faɗo ɗakin a jiƙe, takalmi ɗaya a hannu, tun daga ƙofa tana ihu, "Oga nas! Kar ku yi masa allura! Kun yi? Kun yi?" Muka ce ba mu yi ba. Ta zube a ƙasa tana kiran Chineke, wato Ubangiji da yarensu. Ta kwance leda daga bakin zanenta ta fito da wani tsohon kati na wani asibiti a can garinsu, an rubuta da jan biro cewa kar a kuskura a ba shi fenisilin. Ta ce tun yana saurayi aka taɓa yi masa, sai da aka fitar da rai da shi. Ta ce bas ɗinsu ce ta mutu a hanya saboda ruwa, da ƙafa ta ƙaraso.

Likita ya canza magani. Da ƙura ta lafa na ce wa Sista bari in yage shafin nan in sake sabo. Ta ce, "Doka ta uku." Na ja layi ɗaya a kan rubutun, na rubuta a gefe cewa ba a yi ba, na sa hannu, ita ma ta sa. Sa hannuna biyu suka jeru, na sama da na ƙasa, ba ka iya bambancewa. Ba ta kai ƙarata ba. Sai da za ta rufe fayil ɗin ta sa yatsa a kan layukan ta ce, "Malam, ka lura? Ya sa lokaci, bai sa kwanan wata ba."

Ashe rubutun bai ce Talata ba, bai ce yau ba.

Emeka ya warke cikin kwana tara. Ranar sallama ni da kaina na rubuta gargaɗin da jan biro a bangon fayil ɗinsa, da katinsa, da wata takarda da na ce ya riƙa yawo da ita a aljihu. Ya yi dariya ya ce, "Oga nas, kai da na gani a mafarki kana rufe mini fuska da mayafi?" Ni ban yi dariya ba. Bayan 'yan shekaru na ji sun koma garinsu, ban sake jin labarinsa ba, kuma har yau duk ranar da idona ya faɗa kan agogo a uku saura ashirin, sai na ce Allah Ya sa takardar nan tana aljihunsa.

Wane ne ya zauna a kujerata, ban sani ba, ban kuma tambayi malami ko fasto ba. Abin da na sani shi ne wannan. Ku masu zuwa asibiti, in akwai maganin da jikinku ba ya karɓa, ku faɗa tun kafin a tambaye ku, ku riƙe katinku. Ku kuma ma'aikatan jinya, ku tambaya kafin ku soka, ku rubuta bayan kun yi, kuma don Allah ku rufe layukanku. Ni wanda ya cike mini nawa ya zo da gargaɗi ne. Ban san da me naku zai zo ba.