Ranar da na ɗaure ruwan Malama Saratu

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wata Asabar cikin bazara, na tsaya a ƙofar banɗakin Malama Saratu ina kallon famfo yana zubo ruwa siriri kamar zaren ɗinki, cikin wani farin baho da babban mutum ke iya kwanciya a ciki. Shekaruna ba su wuce tara ba. Malama na tsaye hannu a ƙugu, Babana na bayanta, ya tuɓe takalminsa a waje, kansa a ƙasa. Kwana uku ke nan ruwan yana haka, kuma a ranar ne ta ce in aka tarar an huda bututu, mu tattara kayanmu kafin Litinin.

Ita Malama mutuniyar Biu ce, tana koyarwa a firamare, mijinta akawu. Baba ke yi musu gadi da shara, suka ba mu ɗaki ɗaya a bayan gidan, can wajen unguwar Galtimari. Kafin nan a unguwar Hausari muke, inda ruwa sai na 'yan garuwa, inda Inna ke wanke shinkafa ta ajiye ruwan don kwanuka, na kwanukan kuma ta yayyafa a tsakar gida. Da wannan ta rene ni. "Ladi, in kin ga ruwa na ɗiga, ki ɗaure shi, kada ki jira a ce miki." To, ranar Laraba Inna ta aike ni ɗebo itace a jikin bangon banɗaki, na ɗaga guntaye biyu, sai na ga wani ƙarfe mai kai kamar ƙaramin sitiyari a jikin bututu, yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Na kama shi da hannu biyu, na murɗa, na murɗa, har ɗigon ya tsaya. Na mayar da itace na tafi wasan 'yar carafke, zuciyata fari ƙal, ban faɗa wa kowa ba.

Abin da ya ja wa Baba zargi kuwa shi ne 'yar yakuwarsa da kuɓewa da ya shuka kusa da wannan bango. Ko'ina ya ƙone, har dogonyaro ya yi laushi, amma su shar suke. Ruwan alwala da na wanke-wanke ne ke raya su, sai dai wata maƙwabciya ta raɗa wa Malama cewa masu gadi kan huda bututu a ƙarƙashin ƙasa don lambunsu.

Aka kira mai gyaran famfo, wani dattijon Babarbare, Ba Modu, ya zo a keke da jakar kayan aiki mai warin busasshen kifin hanyar Baga. Bai yi sauri ba. Ya buɗe famfon kicin, ruwa ya zo da ƙarfi, ya ce ba daga gari ba ne. Ya hau tsani ya leƙa tanki, ya ce a cike yake. Ya dawo ya sa sifana ya kwance kan famfon bahon, ya zazzage yashi da tsatsa a tafinsa, ya wanke, ya canja roba, ya mayar. Na ga Baba ya ɗago kai yana motsa leɓe. Aka buɗe, zaren nan dai ne. Ba Modu ya tambayi Malama ko akwai makulli a jikin bututun, ta ce tun zuwanta ba ta taɓa gani ba. Sai ya ce saura abu ɗaya, a tona.

Baba da kansa aka miƙa wa diga. Ina kallo ya sare yakuwarsa layi ɗaya, ya shiga na biyu, gumi na bin gemunsa, Inna ta tsaya a bakin ɗakinmu da ƙanena a baya, ba ta ko ƙifta ido. Ba Modu ya tsuguna yana bayani a hankali da Hausarsa mai nauyi, wai bututu kamar maƙogwaro ne, ko ya fashe ruwa ya zube a hanya, ko an shaƙe shi a wani wuri. Da ya ce an shaƙe, sai na tuna ƙarfen da na murɗa. Na dubi tarin itacen nan, na dubi tafin hannuna. Ƙafafuna suka ce in gudu bayan kicin, na kuwa yi taku biyu. Sai na ji Malama na cewa da Inna ta fara haɗa kaya tun da rana.

Ban san lokacin da na je na ja rigar Ba Modu ba. Da hannu na nuna masa tarin itacen. Ya ture itacen, ya daɗe yana duban ƙarfen, sannan ya dube ni.

"'Yata, ke kika murɗa wannan?"

"Yana ɗiga ne, Baba. Inna ta ce a ɗaure."

Ya murɗa baya sau huɗu. Daga cikin banɗaki muka ji ruwa ya faɗa baho da ƙara kamar an kifar da garwa. Babu wanda ya yi dariya. Baba ya ajiye diga ya zauna a kan ƙasar da ya tona, ya ce mini kawai, "Da kin ƙara yin shiru kaɗan, da yau ba mu da ɗaki." Bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Malama ta shige ciki. Da la'asar sai ga ta da bokiti cike, ta tsuguna da tufafinta masu kyau kusa da Baba, yana mayar da saiwar yakuwa tana zuba ruwa. Shekara goma sha ɗaya muka ƙara a ɗakin nan.

Yau jikokina na buɗe famfo su tafi kallon waya, ruwa na ambaliya, in tashi da sandata in rufe. Baba da Inna sun riga mu gidan gaskiya, Malama ta koma Biu tun tuni, ban san ko tana raye ba. Har yanzu in na ga ruwa na ɗiga hannuna kan miƙa da kansa, amma sai na tambaya tukuna.