Labaran Inna da Suke Tsayawa a Rabi

A gidanmu na Fagge, da an idar da sallar isha'i sai mu yara mu kewaye murhun Inna Falmata, kakata ta wajen uba, tana soya gyaɗa cikin yashi. Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "A kashe fitila, za a fara." Sai a rage lagwani, mu matso har hayaƙi yana sa mu hawaye.

Labaranta babu kura, babu zomo. Fada ce ta madubi a kan gajimare, da kuyangi ɗari masu rawa, da doki na tagulla mai tashi sama. Wanda muka fi roƙo shi ne na wata gimbiya da boka mai koren rawani ya ce ta yi masa waƙa, ta ƙi. Sai ya mai da ita dutse daga ƙafa zuwa wuya, ya bar mata baki kawai don ta yi ta rerawa. Saurayinta ya zo ceto, aka kama shi aka jefa rijiyar macizai. A nan Inna takan ja wata waƙa da yaren da ba wanda ya sani, muryarta na rawa, sannan ta kakkaɓe zaninta ta ce, "An kunna fitila, kowa ya tashi."

"Inna, ba wanda ya cece ta?"

"Wa zai cece ta? Haka ta zauna. Ku ba ni wuri."

Duk labaranta haka suke ƙarewa, mugu a sama, mai gaskiya a rami. Mukan kwanta da baƙin ciki, gobe kuma mu dawo.

Ina shekara goma sha ɗaya na raka Umma Sabon Gari wurin telarta, Mama Ngozi. Mijinta gyaran bidiyo yake yi, ran nan yana gwada wani da tsohon kaset na Indiya. Ina ɗaga kai sai ga koren rawani a talabijin. Na zauna na kafa ido har ƙarshe: saurayin ya fito daga rijiya, ya kashe boka, dutse ya tsage, aka ɓarke da rawa.

Na ce, "Wannan ai labarin kakata ne!"

Mama Ngozi ta yi dariya. "Kakarki ba Falmata mai gyaɗar bakin silima ba? Ina yarinya wurinta muke saye." Umma ta harare ta, amma magana ta riga ta fita. Ashe bayan rasuwar kakanmu, a jikin katangar wata silima marar rufi Inna take kasa gyaɗa. Ba ta taɓa shiga ba. Waƙa tana tsallako mata ta katanga, idan an ba da hutun rabi 'yan kallo su fito suna saye suna mai da labarin abin da suka gani. Da sun koma sai ta naɗe tabarma ta ruga gida, saboda goyon da ta bari wurin maƙwabta.

Da yamma na ƙagu a taru. Na bari sai da ta ce an kunna fitila, matan maƙwabta suna nan, sannan na miƙe.

"Ƙarya ne, Inna! Fim ne. A bakin silima kika tsinto shi, ko ƙarshensa ba ki sani ba!"

Mata suka tuntsire da dariya, ni kuwa ina jin daɗi, wallahi daɗi na ji. Baba ya shigo daga zaure. A lokacin ya riga ya zama Alhaji mai shago a Kasuwar Singa, ba ya son a tuna masa da wannan. Ya kwaɗa mini mari, sannan ya juya ga mahaifiyarsa.

"Inna, abin da na yi shekaru ina rufewa shi kike zuba wa yara a kunne? Daga yau an daina."

Inna ta ci gaba da juya yashi har gyaɗar ta ƙone. Kafin mako ya zagayo yaran unguwa sun sa mata suna Inna Silima, suna bin ta da shi har bakin famfo.

Wata rana da hantsi ta kira ni ɗakinta, ta zuba mini gyaɗa mai ɗumi a hannu. Ta rage murya. "Yagana, da gaske ya fito daga rijiyar?"

Haushin marin bai sake ni ba. Na ce, "Ki je ki biya ki gani mana." Na fita da gyaɗar, na cinye.

Ba ta ƙara tambaya ba har ta rasu.

Bara na ci karo da fim ɗin a wayata. Fadar ta kwali ce, ana ma ganin igiyar da ke jan dokin. Na yi dariya har zuwa rabi, daga nan dariyar ta ɗauke. Da muna yara na ɗauka Inna mugunta take so, ashe kullum daidai inda mugu ya yi nasara take tashi, saboda yaro yana kuka a gida, yaron da ya girma ya hana ta magana. Shekara arba'in tana ɗauke da gimbiyar nan a dutse. Ni kaɗai ta tambaya, kuma abin da ya rage na labarin zan iya faɗa mata shi kafin gyaɗar hannuna ta huce.