Kujerar Madugu a Shagon Aski

Ina sanar da duk wanda abin ya shafa cewa kujerar robar nan mai ɗaurin waya a ƙafa, wadda ke bakin ƙofa a shagon askin bayan kasuwa, daga yau ba ta da mai ita. Wanda ya ga dama ya zauna, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Mai ita, madugun 'yan adawa kuma mijin yayata, ya rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, bayan la'asar, sakamakon rashin lafiyar da ya hana a sanar. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Madugu, ka san ban iya yabo ba. Kai ka fara kai ni ofishin jarida ina saurayi, ka ce wa edita, "Ga ƙanin matata, bakinsa ya ishe mu a gida, ku ba shi takarda ya riƙa zubawa." Rabin littattafan da ke ɗakina naka ne, ka ba ni aro ka yi kamar ka manta. Da matata ta rasu, kai da ke cika fili da magana, sai ka riƙa zuwa falona da yamma kana zama shiru, kana kwance rediyona kana ɗaurawa, alhali lafiyarta ƙalau. Ban taɓa yi maka godiya ba. A jarida na saka maka, da irin sakayyar da na iya.

Masu karatu sun san farkon labarin. Gwamnati ta kawo ƙudurin dokar hana kalaman ƙiyayya, jam'iyyarku ta dare gida biyu. Dattawa suka ce a goyi baya, domin zagin da ake yi a taruka ya fara ƙona shagunan mutane. Matasa suka ce takunkumi ne aka ɗinka daidai bakin 'yan adawa. Ka miƙe a majalisa ka ƙi ƙudurin, ka ce ba za ka ba mai mulki ikon yanke wace magana ce ƙiyayya ba, tunda a kunnensa duk suka ƙiyayya ce. Matasa suka ɗauke ka a kafaɗa har mota.

Ba a yi mako ba kuka yi babban taro. Jagoran matasan ya karɓi makirufo, ya shiga kiran mutanen tsallaken gada da sunayen dabbobi, yana cewa lokaci ya yi da za a share su daga kasuwa. Fili ya ɗauki ihu. Ina gefen dandamali da ɗan littafina, na ga ka tashi, ka tattara babbar riga, ka durƙusa bayan kujeru, ka zare wayar lasifika daga soket. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Ka ce masa, "Ɗana, ban hana gwamnati ɗaure bakinka don ka ci naman mutane da shi ba." Amma ka riga ka kashe lasifikar, layin gaba kaɗai suka ji. Sauran dubban abin da suka gani shi ne mai yaƙi da takunkumi ya sa wa yaronsa takunkumi.

Daga ranar ba ka sake samun masauki ba. Dattawa suka ce tsoron matasa ya sa ka ƙi dokar, matasa suka ce an saye ka. Ni kuwa, da nake layin gaba kuma kunnena lafiya lau, na ga abin ya yi daɗin rubutu. Na sa maka suna Ƙafa Biyu, na ce mutum ne da ya sa ƙafa ɗaya a kowace mota, motocin kuma suka tashi. Sunan ya bi gari, har yara suna kiransa in motarka ta wuce.

Na ga yadda ofishinka ya koma. Bencin jira da a da ake rigima a kansa ya zama wurin barcin mage. Mai shayi ya ajiye babbar buta ya sayo ƙarama. Ka kan ɗaga wayarka ka duba, ka ce wa direba, "Kira ni mu gani, ƙila layin ne." Layin ƙalau yake.

A lokacin ne ka fara zuwa aski duk Asabar, kai da sanƙo ya gama da kanka tun kafin a haifi ɗanka na fari. Mai aski ya kan ce, "Yallaɓai, yau ina za mu taɓa?" Ka ce, "Ka dai kunna injin ka zagaya, ai ba gashi na zo sayarwa ba." In layi ya zo kanka sai ka ce, "Ku wuce, ba na sauri." Kana zaune a kujerar nan kana jiran wani ya ja ka da gardama, su kuwa da sun gan ka sai hira ta koma ƙwallo. Ni kaɗai nake tanka maka. Ka kan zaro jarida daga aljihu, ka karanta zagin da na yi maka da ƙarfi, ka yi dariya har da tari, ka ce, "Ƙanina, wannan makon ka yi sanyi. Ko yayarka ta ja maka kunne?" Ban taɓa jin ka ce in daina ba.

Ranar zaman makoki duk sun zo. Rumfa biyu aka kafa, dattawa a dama, matasa a hagu, kowane ɓangare yana rantsuwa nasu ne kai. Jagoran matasan ya yi kuka har aka riƙe shi. Babu wanda ya zagi kowa, ko da a raɗa. A iya sanina, shi ne taron jam'iyyarku na farko da aka bi dokar nan sau da ƙafa, ita da har yanzu tana kwance a kwamiti.

Da na shiga cikin gida, na tarar da yayata zaune kusa da babbar tukunya. Ta ce, "Kullum sai ya ce in sa wannan, wai ƙila baƙi su zo. Kullum maƙwabta nake rabawa. Yau ga su sun zo, ba ta ma isa ba."

Jiya Asabar na je shagon. Na tafi da wata sabuwar tsokana da na tanada tun kana asibiti, sai da na kai ƙofa na tuna babu wanda zan gaya wa. Shagon cike yake, mutane a tsaye, amma babu wanda ya zauna a kujerar. Aka yi mini askin da ba na bukata, na dawo gida na tarar da rediyo a inda ka bar ta.

Allah Ya jiƙanka, Madugu, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka tarar da abokan zama na ƙwarai. Allah Ya ba yayata haƙuri, da 'ya'yanka da jikokinka, da direbanka, da mai askin da ya yi ta zagaya kan da ba gashi bai taɓa ƙorafi ba. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Saura gyara ɗaya. Na rubuta cewa ba ka da matsayi. Na yi kuskure. Kana da shi, mutane ne babu a wurin, har da ni.