Waken Da Baffa Ya Yi Wa Sharri

Shekara da shekaru mahaifiyata tana suyar ƙosai a ƙofar gidanmu a Roni, da shi ta yi mana karatu bayan rasuwar mahaifinmu. Ni nake noma mata waken a 'yar gonarmu, ko da yake aikin koyarwa ya kai ni Kazaure. Kullum damina tsutsa ce ke riga mu, feshi sau nawa, amma ka ɓare kwanso ka tarar da ita kwance ta ƙoshi.

Da malamin gona ya zo da sabon iri, wai masana sun gyara halittarsa yadda tsutsar ba ta iya cinsa, ban yi wata-wata ba na karɓa. Wallahi wake ya yi! Inna har da guɗa ranar da aka sauke buhuna.

Sai Baffa, yayan mahaifina, wanda gonarsa ke jikin tamu. Bai taɓa ɗanɗana waken nan ba, bai tambayi kowa ba. Ya zauna a majalisar ƙofar masallaci ya ce abin da tsutsa ta ƙi, mutum bai isa ya ci ba, kuma duk wanda ya ci ya yi sallama da haihuwa. Maganar ta zaga gari kafin la'asar. Sati guda Inna tana soyawa tana mayarwa cikin gida, har matan da ta yi wa wankan jego suka riƙa sauya hanya. Rana ta takwas ta wanke kaskonta ta kife a bayan ɗaki. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi, kuma na ƙulla shi a raina.

Damina ta zagayo, tsutsa ta yi wa gonar Baffa kaca-kaca, tawa kuwa tana gefe shar. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Gab da shuka ta gaba sai ga shi da hantsi, ya bi ta bayan gida don kada a gan shi. Ya gaisa da Inna, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce ko da ɗan irin nan. Na buɗe baki, Inna ta harare ni.

"A gidan nan ba a taɓa hana mutum iri ba," in ji ta. "Ka ba shi."

Haka al'adarmu take, ko kuna gaba da mutum, in ya roƙi iri sai ka ba shi. Na ce to, Baffa ku je, zan kawo muku.

Na kuwa kai. Ranar Juma'a, bayan an sauko, majalisa ta cika maƙil, na ɗauko kaskon Inna na cika shi da wake, na ɗora a ka kamar mai talla. Na durƙusa gabansa da ladabi na ajiye.

"Baffa, ga irin da kuka biyo ta bayan gida kuka roƙa. Sai dai ku yi hattara, kun ce yana hana haihuwa."

Wani tsoho ya tuntsire da dariya. Baffa ya rasa inda zai sa fuskarsa. Amma bai mayar ba, ya juye a buhu ya sa aka kai gida.

Inna ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Na ce mata yanzu ai sai ta koma suya, ta ce hannunta ya mutu. Wata ce ke suya a gurbinta yau, da waken da aka guje ta saboda shi.

Shi ya sa duk ran da na haɗu da Baffa nake durƙusawa har ƙasa in ce, "Baffa, ya iyali? Ana dai haihuwa ko?" Ba kuma zan daina ba muddin kaskon nan yana kife.