Ranar da Na Raba Gardamar Lalo

Wata Juma'a cikin zafin 2013, ina 'yar shekara goma, na hau saman benenmu a unguwar Arba wa Nus da ke Masar da butar shayi, na tarar majalisar Baba ta kacame. Ɗalibai ne 'yan ƙasarmu, abokan karatunsa, duk mako sai sun shimfiɗa tabarma tsakanin tankin ruwa da ɗakin tattabarun mai gidan da muke haya sun yi ta musu: yau yadda aka ɗaga duwatsun dalar Fir'auna, gobe siyasar Masar, jibi ko da gaske mutum ya taka wata. Ranar kuwa a kan miya ake yi. Malam Sanusi, wani Bazazzagi mai kafiya, ya rantse mulukiyar Misirawa lalo ce. Baba ya ce ina, wannan koren ruwa mai warin tafarnuwa bai haɗa dangi da lalon Funtuwa ba.

Su raha suke yi, ni kuwa na kasa kunne. Umma na da juna biyu, abincin Masar duk ya fita ranta, ta rame har zobenta na zamewa. Lalo kawai take ambato. An riga an yanke cewa in ba ta fara ci ba, ni da ita gida za mu koma, in bar makarantata da ƙawata Salma, 'yar Hausawan Sudan da muke wasan 'yar gala-gala a ƙasan bene. Ashe duk zamanmu mulukiya daskararriya Baba ke sayowa, niƙaƙƙiya a leda, babu wanda ya taɓa duba ganyen. Ni kuwa malamar kimiyyarmu ta sha faɗa mana, "Tsiro a ganyensa ake gane shi."

Washegari na ja Salma kasuwa, muka samo damin ɗanyar mulukiya wajen wata tsohuwa, na ajiye a cinyar Umma ina haki. Ta ɗauki ganye ɗaya ta juya, ta shafa 'yan gashin nan biyu da ke gindinsa, ta murza ta shinshina. Sai hawaye. "Wallahi lalo ne!" Ta miƙe da kanta, ta sa kanwa da ragowar daddawarmu, ta tuƙa tuwon shinkafa. Malmala biyu ta tashi da su, ina ƙirga lomarta kamar mai gadi. Juma'ar da ta zagayo Baba ya ce, "Khalas, shi ke nan, an kayar da ni," aka matsa mini wuri a tabarma. Kai, ranar ko Fir'auna bai kai ni taƙama ba! Maganar tafiya kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Yanzu a Kaduna lalo har ƙofar gida ake kawo mini, musu kuma kowa a waya yake yin nasa, ba a ganin idon juna. Ina kewar mutanen da za su wuni suna gardama, su tashi su sa hannu a kwano ɗaya. Ban sake cin nasarar da ta kai waccan daɗi ba.