Ranar da Aka Yi wa Baba Jethro Makoki Yana Barci

Shekara ashirin da ɗaya Baba Jethro ya yi a gaban injin saƙa a wata masaƙa a Kakuri ba a taɓa ɗaga masa murya ba. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi, ya auri Comfort tela, suka kama ɗaki biyu a gidan hayarmu a Narayi. Dattijon coci ne, ko burkutu ba ya sha. A shekarar da sojoji suka koma bariki aka mayar da shi aikin dare, kuma a nan ne ido ya raina fata.

Mutumin nan ba ya iya barcin rana. Zai dawo da safe ya kwanta, amma tagarsa gabas take kallo, labulen kamar rariya, ga kwanon rufin da huji ya fi goma. Haske ya yi ta tsokanar idonsa har la'asar. Ya gwada ɗora matashi a fuska, zafi ya kore shi. Ya sha ƙwayar kyamis, ta bar shi da jiri. Barcin da ya ƙi zuwa a gida kuwa sai ya bi shi masaƙa ya same shi a tsaye. Sau biyu shugaban aikin dare, Oga Albert, yana kama shi yana gyangyaɗi zare na tsinkewa, sau biyu yana ba shi takardar gargaɗi. Ta uku kora ce. Na ji haushin Albert ƙwarai, domin ranar da Jethro ya fara saƙa, shi Albert ko wando bai iya ɗaurawa ba.

Comfort ce ta gano bakin zaren. Ta tuna in sun je ƙauye, a bukkar uwarsa marar taga, mijinta kan yi minshari har rana ta take. Ta buɗe akwati ta ɗauko baƙin zanen da ta ɗaura a makokin mahaifinta, ta ninka shi biyu ta rufe tagar ruf, ta sa aka toshe hujin kwano da kwalta. Da ragowar ƙyallen ta ɗinka wani abu mai faɗin tafin hannu, ta cusa auduga, ta sa masa roba.

"Maigida, sa wannan a ido."

"Ni jaki ne da za a rufe mini ido?"

"Sa dai. In aka kore ka, sai ka yi mini bayanin waye jakin."

Ya sa. Kafin ta gama ɗaura kallabi barci ya yi awon gaba da shi, ita kuwa ta wuce kasuwa sayen zare.

Wajen sha biyu maƙwabciyarmu Scholastica ta zo aron rariya. Ta ga baƙin zane a taga, ta tsaya cak, domin a wajenmu ba a fito da wannan zane sai an yi rashi. Ta leƙa ta ga mutum a miƙe, fuska ɗaure da baƙi. Ta kira sau uku, shiru. Scholastica ba ta taɓa jin labari ta bari ya huce ba. Ta ɗora hannu a ka ta fita da kururuwa, kafin ƙarfe biyu matan ƙungiyar Zumunta ta cocinmu sun cika tsakar gida, an kwaso bencuna daga coci. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na zubar da hawaye. Babu wanda ya shiga ɗakin, ana jiran matar gida da fasto.

Ana tsakiyar waƙa ta huɗu ƙofa ta buɗe. Baba Jethro ya fito da ɗaurin zane, baƙin ƙyallen a goshi, yana miƙa.

"Sannunku. Wa ya rasu?"

Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Scholastica har da tsallake benci biyu. Comfort ta dawo ta tarar da takalma birjik a ƙofarta, ta yi dariya har da zama a ƙasa. Shi dai abin da ya dame shi ɗaya ne: awa bakwai ya yi cur, wai da ba su ɗaga murya ba da ya cika takwas.

Daga ranar idonsa garau a wurin aiki. Albert ya yi ta zagayo ta bayan injin a sace, wata guda, bai ga ko hamma ba. Sai wata safiya, ana tashi daga aiki, ya aiko a kira Jethro ofis. Jethro ya tafi yana tunanin ta ukun ce ta iso duk da haka.

Albert ya rufe ƙofa. Idanunsa jajur kamar gauta. Ya yi ƙasa da murya.

"Baba, abeg, abin nan da madam ta ɗinka maka. Za ta yi mini ɗaya? Wata uku rabona da barcin kirki."

Jethro ya dube shi sama da ƙasa, ya ja kujerar da bai taɓa zama a kai ba, ya zauna.

"Oga, kawo kanka in auna."