Ranar da Malam Ado Ya Ƙi Sa Hannu

Kawu Ɗantala ƙanin mahaifiyata ne. Shekararsa goma sha ɗaya yana gadi a ƙofar wani rukunin gidaje a unguwar Ain Khaled, yana ɗaga sandar geti yana saukewa. Da na zo Doha karatun digiri na biyu, Umma ta ce in riƙa zuwa gaishe shi duk Juma'a. Ba ta gaya mini cewa aiki ne yake jirana ba.

Sauran masu gadi ƙwallo suke kallo a waya. Kawu kuwa abu ɗaya yake kallo, wani tsohon wasan barkwanci da aka riƙa nunawa a talabijin a ƙasarsu ta Zamfara tun yana yaro, mai suna Sai Gobe Ka Dawo. Labarin wani mai gyaran rediyo ne da bai taɓa gyara rediyo ko ɗaya ba. Hoton dishi-dishi, sautin kamar ana suyar gyaɗa. 'Yan wasan da ka suka yi shi, ba a taɓa rubuta musu komai ba, don haka Kawu ya ɗora wa kansa rubutawa. Ya saurara, ya tsayar, ya mayar baya, ya rubuta a littafin 'yan makaranta. Idan kashi ɗaya ya kammala sai a buga, a yi masa bango, a ba mai tafiya gida ya nemo wani daga cikin 'yan wasan ya sa hannu.

Mai bugawar ni ce.

"Firdausi ɗiyata, ke da Allah Ya ba inji, wanga ai aikin minti biyar na," in ji shi ranar farko. Shafi arba'in da biyu ne, da rubutu kamar tafiyar kiyashi.

A Kano na tashi, kuma na ci darasin ƙa'idojin rubutun Hausa da maki mai kyau. Littafin Kawu cike yake da "mi kac ce" da "yat tahi" da "munka". Na kasa barinsu. Na mayar da su "me ka ce" da "ya tafi" da "muka", layi bayan layi. Ban gaya masa ba, nauyinsa nake ji. Shi ma bai taɓa karanta bugun ba. Bangon yake shafawa, ya sinsina takardar, ya zura ta cikin leda.

Haka muka yi kashi goma sha ɗaya. Tsofaffi biyu suka sa musu hannu, kuma duk biyun sun rasu daga baya. Munzali, wani direba a rukunin gidajen, wanda shi ke kai takardun idan ya je hutu, ya ce, "Baba, takardar nan taka ajali gare ta. Ni dai kar ka ce in sa hannu."

Saura mutum ɗaya a raye, Malam Ado, wanda ya fito a mai gyaran rediyon da kansa. Shekara uku Kawu yana cigiyarsa kafin aka ce yana wani ƙauye wajen 'yarsa Basiratu, ya haura tamanin, ido ya tafi, jiki ya ƙi. Na buga kashi na ƙarshe, Munzali ya tafi da shi. Kwana goma Kawu bai ci abincin kirki ba. Mota ta yi ta hon a geti shi yana duban waya.

Ranar Juma'a ina zaune a ɗakin gadi saƙon murya ya shigo. Munzali ne, yana ƙoƙarin danne dariya.

"Baba, mun same shi. Ya ce ba ya sa hannu a abin da bai ji ba, sai Basiratu ta karanta masa. Ta yi shafi ɗaya ya tsayar da ita. Ga shi ka ji."

Sai wata murya mai rawa ta biyo: "Wane Bakano na wanga? Ni ban san shi ba. Ni 'mi kac ce' nic ce, shekara shidda ina hwaɗi nai. Ku kai ma mai maganar shi sa hannu."

Kawu ya ajiye wayar. Ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin benci, ya zaro kashi na uku, ya buɗe shi a karo na farko. Ya daɗe yana karantawa da yatsa. Ni kuwa ina kallon takalmina.

"Ke kig gyara?"

"Kawu, ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar wa? Na ce ki buga, kin tahi kin yi ma mutum aski ba shi nan!"

Na so in ce shekara ɗaya da rabi na ba shi duk Juma'ata, da ya buɗe ko shafi ɗaya da tuni mun gano. Na so in ce ina da babi na uku na kundin digirina da malamina yake jira. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaushe Munzali zai taso?"

Lahadi. Kuma daga ƙauyen zuwa filin jirgi tafiyar yini ce.

A nan ɗakin gadin na buɗe kwamfuta, na ɗora littafinsa a gwiwa, na fara mayar da duk abin da na cire. Kowace kalma sai da ta sosa mini rai. Kawu yana tsaye a kaina kamar mai tsaron jarrabawa.

"Nan tari yay yi. Sa tari."

"Kawu, ba a rubuta tari."

"Tarin shi na abin dariya! Sa."

Na sa. Wani Balarabe ya leƙo daga mota yana "Yalla, yalla!" Kawu ya ruga ya ɗaga sanda, ya dawo da gudu ya tarar na rubuta "fara". Ya ce hwara. Muka kai la'asar a haka. Da na ce sai dai a tura ta waya a buga a can, ya ɓata rai, wai takardar can ba ta kai ta Doha fari ba. Wannan karon na ɗaga kai na dube shi. Ya ce, "To, halas, shi ke nan, tura."

Asabar da hantsi ina ɗakin karatu Kawu ya turo mini bidiyo. Basiratu tana karantawa, Malam Ado yana jingine da matashi. Kafin ta kai kowane layi ya riga ta faɗa. Da aka zo wurin tarin ya yi tarin, ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ta ɗora masa hannu a kan bango, ya rubuta sunansa da ajami, babba, a karkace. Sannan ya juyo wajen da yake zaton wayar take, ya ce, "Ku hwaɗa ma Bakanuwar ta dawo gobe."

Malam Ado ya rasu bayan wata biyu. Takardar tana cikin akwatin Kawu, a leda biyu.

Na ɗauka na huta. Juma'ar da Munzali ya kawo ta, na tarar Kawu ya jera kashi goma sha ɗayan nan a kan benci.

"Waɗanga ba a sake buga su, masu sa hannun sun tahi," in ji shi. Ya miƙo mini fensir, har ya feƙe shi. "Sai dai ki bi su da hannu, saman kowane layi, ki mai da musu bakinsu. Aikin minti biyar na."

Ina kashi na huɗu yanzu.